Ranankulus: Furen da yawan taki ke karya wa kara

Duk ranar 1 ga watan Maris ana buɗe ƙofar wata gona a garin Carlsbad da ke Jihar Kalifoniya a Amurka, inda jama'a ke sayen tikiti domin shiga kallon fure. Gonar tana kan wani tudu da ke fuskantar Tekun Fasifik, kuma kimanin eka 50 na cikinta fure iri ɗaya aka shuka, layi-layi, ja da fari da ruwan ɗorawa da ruwan hoda da ruwan goro. Ba a rufe ƙofar sai wajen mako na biyu na watan Mayu, lokacin da zafi ya fara shigowa.

Sunan furen ranankulus. Mai kallo launi kawai yake gani, amma manomin da ke sayar da shi ya san cewa kuɗinsa na cikin karan da ke ɗauke da furen. A kasuwa ana ɗaure shi goma-goma, ana kuma yi masa daraja gwargwadon tsawon kara da ƙarfinsa da girman kan furen. Karan da ya lanƙwashe ko ya tsage, ko wanda ya sunkuyar da kai kwana biyu bayan an saka shi a ruwa, ba ya samun mai saye a karo na biyu.

Abin da ke raba kara mai ƙarfi da mai rauni kuwa, mafi yawansa yana komawa ne ga irin takin da aka zuba da yawansa da kuma lokacin da aka zuba shi. Furen yana buƙatar abinci sosai domin cikin 'yan makonni yake fitar da duk abin da zai fitar, amma saiwarsa ba ta jure taki mai ƙarfi. Tsakanin waɗannan abubuwa biyu manomi ke neman ribarsa.

Wane irin fure ne?

Asalin ranankulus ɗin da ake nomawa domin ado daga gabashin Tekun Bahar Rum yake, wato ƙasashe irin su Turkiyya da Siriya da Iran da tsibiran Girka da kuma gaɓar arewa maso gabashin Afirka. A daji falle biyar kawai furen ke da shi, da baƙin ɗigo a tsakiya. Shekaru aru-aru na zaɓen iri ne suka mayar da shi yadda yake a yau, inda fure ɗaya kan iya haura falle 100, sirara kamar takarda, a naɗe kamar rawani.

Sunan daga harshen Latin ya fito, kuma ma'anarsa ɗan ƙaramin kwaɗo, saboda da yawa daga cikin danginsa a bakin ruwa suke fitowa. Sai dai wannan nau'in ya sha bamban da su, domin ruwa na kwanciya a gindinsa zai ruɓe.

A ƙasarsa ta asali damina da sanyi tare suke zuwa, rani kuma zafi ne da fari. Saboda haka shukar ke tsirowa idan ruwan farko ya sauka, ta yi ganye cikin hunturu, ta yi fure da sanyi ya fara ja da baya, sannan ganyen ya bushe da zarar zafi ya kama. Abin da ke saura a ƙasa shi ne wata saiwa mai yatsu, kamar ƙaramin nonon ayaba, wadda ke bushewa ƙayau ta jira wata shekarar. A cikin waɗannan yatsu shukar ke ajiye abincinta, kuma su ne irin da manoma ke saye su shuka.

Inda ya zama sana'a

A Carlsbad, wani manomi mai suna Luther Gage ne ya kawo irin furen a farkon shekarun 1920. Daga baya iyalin Frazee suka ɗauki nomansa, kuma Edwin Frazee ya shafe shekaru yana ware irin furannin da suka fi yawan falle da kyawun launi. A 1965 ya mayar da gonar inda take a yanzu. Nau'in da suke nomawa shi ake kira Tecolote.

A Turai kuwa cibiyar nomansa ita ce yankin Liguria da ke arewa maso yammacin Italiya, musamman garin Sanremo da ƙauyukan da ke kewaye da shi. A nan duwatsu sun gangaro har bakin teku, don haka gonakin ƙanana ne, an sassaƙa su hawa-hawa a jikin tudu an tokare da katangar dutse. Garin ya daɗe da yin suna a harkar fure. A can Alfred Nobel ya rasu ranar 10 ga Disamba, 1896, kuma har yau daga Sanremo ake aika furannin da ake ƙawata bikin ba da kyautar Nobel a birnin Stockholm.

Manoman Liguria kan shuka ranankulus daga ƙarshen bazara zuwa kaka, su yi ta yanka tun daga farkon hunturu har zuwa watan Afrilu, ana lodi zuwa kasuwannin Jamus da Holan da Faransa. Kamfanin Biancheri Creazioni na yankin shi ya fitar da nau'o'in Elegance da Success da Pon-Pon. A Japan ma kamfanin Aya Engei da ke Lardin Miyazaki ya fitar da wani nau'i mai ƙyalli wanda kara ɗaya ke ɗaukar furanni da dama.

Aikin taki tun kafin shuka yake farawa

Abu na farko da ƙwararren manomi ke yi shi ne kai samfurin ƙasarsa da na ruwan da zai yi ban-ruwa da shi ɗakin gwaji. Abubuwa uku yake son sani: abin da ƙasar ke da shi na abincin shuka, yawan gishirin da ke cikinta, da kuma matsayin tsaminta.

Ana auna tsamin ƙasa da wani ma'auni da ake kira pH, wanda ke tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, ƙasa da haka tsami ne, sama da haka kuma ƙasar ta koma ɓangaren kanwa. Ranankulus ya fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, wajen 6 zuwa 6.5. Idan lambar ta haura 7 sosai, sinadaran ƙarfe da manganis da ke cikin ƙasar kan daskare ta yadda saiwa ba za ta iya zuƙar su ba. Alamar hakan ita ce sabon ganye ya fito rawaya, jijiyoyinsa kuma su zauna kore. Manomin da bai gane ba sai ya ɗauka yunwa ce ya ƙara taki, alhali abincin yana nan, hanyar isa gare shi ce ta toshe.

Bayan gwaji sai gyaran kunya. Ana ɗaga ta sama domin ruwa ya riƙa tsiyayewa, a shimfiɗa ruɓaɓɓen takin gargajiya mai kaurin santimita 5 zuwa 8, a cakuɗa shi da ƙasar sama. Sharaɗin shi ne takin ya ruɓe sarai, ya huce, warinsa ya koma na ƙasa. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana fitar da zafi da iskar amoniya da gishiri, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da saiwa.

A wannan matakin ne kuma ake zuba fosfarus, wato sinadarin da ke cikin takin supa. Dalili shi ne fosfarus ba ya tafiya cikin ƙasa, inda aka ajiye shi nan yake zama. Idan aka barbaɗa shi a sama bayan shuka ta fito, kaɗan ne zai kai ga saiwa. Masu noma ba tare da takin zamani ba kan yi amfani da garin ƙashi a madadinsa.

Makonnin da ba a ba shi komai

Busasshiyar saiwar iri ba a shuka ta haka nan. Ana jiƙa ta cikin ruwa mai ɗan sanyi na tsawon awa uku zuwa huɗu har yatsun su kumbura. Wuce haka na iya sa ta ruɓe. Manoma da yawa kan jera ta cikin faranti mai ƙasa mai ɗanshi, su ajiye a wuri mai sanyin digiri 5 zuwa 10 a ma'aunin Salsiyas na kwana 10 zuwa 14, har fararen jijiyoyi su fara fitowa. Sannan a dasa, yatsun na kallon ƙasa, zurfin kimanin santimita 5, da tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakanin shuka da shuka.

A wannan lokacin ba a zuba takin zamani. Shukar na rayuwa ne da abin da ta tara a saiwarta tun bara, kuma sababbin jijiyoyin suna da laushi ƙwarai. Ƙwayar taki guda da ta narke kusa da su ta isa ta ƙone su, kuma ta wurin ƙunar cuta ke shiga. Sai ganyen farko sun buɗe sun kafu ake fara ciyarwa, shi ma da tsarki-tsarki.

Daga dasawa zuwa furen farko kan ɗauki kimanin kwana 90, sannan shukar ta yi ta ba da fure na makonni huɗu zuwa bakwai idan sanyi bai ɗauke ba. Wannan gajeren lokaci shi ne duk kakar manomi. Kuskuren da aka yi a mako na uku ba a gyara shi a mako na goma.

Naitirojin: inda aka fi yin kuskure

Lambobi ukun da ke jikin buhun taki, kamar 15-15-15 na takin kamfa, suna nuna kason naitirojin da fosfarus da fotashiyam a cikin kowane kilo 100. Buhun kamfa mai kilo 50 na ɗauke da naitirojin kilo 7.5. Buhun yuriya kuwa, wanda ke da kashi 46 cikin 100, na ɗauke da kilo 23, wato fiye da ninki uku.

Naitirojin shi ke gina ganye, kuma ranankulus na buƙatarsa a watanni biyun farko, domin yawan ganye mai lafiya ne ke tantance yawan furen da shukar za ta iya ɗauka. Idan ya yi ƙaranci, tsofaffin ganye na ƙasa ne ke fara yin rawaya, shukar ta tsumbure, kara ya fito gajere.

Matsalar ita ce idan ya yi yawa, gonar kyau take yi wa ido. Ganye ya yi kore shar, ya yi faɗi, ya rufe kunya. Amma karan ranankulus dama rami ne a cikinsa kamar bututu. Naitirojin mai yawa na sa shi saurin tsawo da tara ruwa, bangonsa ya yi siriri, sai ya kasa ɗaukar nauyin kan furen. Manomin shinkafa da ya taɓa cika wa gonarsa yuriya, ya wayi gari iska ta kwantar da ita gab da girbi, ya san wannan ciwon.

Ganye mai laushi da cunkoso kuma yana gayyato darɓa, da farar fumfunar da ke bin ganye kamar an barbaɗa gari, da kuma wata fumfuna mai ruwan toka da ake kira botiraitis, wadda ke ruɓar da fure ko bayan an yanke shi an saka a kwali. Ke nan kuɗin da aka kashe wajen sayen ƙarin taki sai ya jawo wani kuɗin na maganin feshi.

Sanyi na sauya lissafi

Ba yawan naitirojin kaɗai ake dubawa ba, har da siffar da ya zo da ita. Shuka na zuƙar sa ta siffa biyu, amoniyam da naitiret. Yuriya idan ta shiga ƙasa amoniyam take fara zama, sannan wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su mayar da shi naitiret. A ƙasa mai ɗumi wannan aikin cikin 'yan kwanaki yake gudana.

Ranankulus kuwa cikin sanyi ake noma shi. Da zarar sanyin ƙasa ya sauka ƙasa da digiri 10, waɗancan halittun aikinsu ja da baya yake yi, sai amoniyam ya taru. Yawansa na ƙona bakin jijiyoyi, yana nannaɗe ganye, yana kuma hana shukar zuƙar kalsiyam da fotashiyam da magnesiyam. Shi ya sa masu noman fure a rumfunan leda da ɗakunan gilashi kan dogara ga takin da mafi yawan naitirojin ɗinsa naitiret ne a tsakiyar hunturu, musamman kalsiyam naitiret da fotashiyam naitiret.

Abin da ke ƙarfafa kara

Da zarar kawunan fure sun fara leƙowa daga tsakiyar ganye, manomi kan sauya haɗin takinsa. Yana rage kason naitirojin, ya ɗaga na fotashiyam. Fotashiyam ne ke daidaita ruwan da ke cikin jikin shuka, yana taimakawa wajen kai sukarin da ganye ya sarrafa zuwa fure da saiwa, yana kuma ƙara wa kara tauri. Idan ya yi ƙaranci, gefen tsofaffin ganye kan bushe kamar an babbaka. Fotashiyam naitiret na da naitirojin kashi 13 da fotashiyam wajen kashi 46, don haka ya dace da wannan matakin.

Kalsiyam kuma shi ne kamar simintin da ke riƙe bangon ƙwayoyin halittar shuka. Yana da wata ɗabi'a da ke wahalar da manoma: tare da ruwa kawai yake hawa daga saiwa, kuma inda ya sauka nan yake zama, shuka ba ta iya kwaso shi daga tsohon ganye ta kai sabon wuri. Wuyan kara, daidai ƙarƙashin furen, shi ne wurin da ya fi saurin girma, don haka shi ke fara rasa kalsiyam idan aka samu tangarɗa.

Tangarɗar ba lallai daga ƙarancin kalsiyam a ƙasa take zuwa ba. Idan ƙasa ta bushe sannan aka malala mata ruwa, ko rumfa ta kasance a rufe da laima mai yawa har ganye ya daina fitar da gumi, hawan ruwa na tsayawa, kalsiyam ma ya tsaya. Masu noman tumatir na rani sun san irin wannan, domin shi ke sa gindin tumatir ya yi baƙi ya lotsa. Maganin ya haɗa da ban-ruwa a kai a kai ba tare da yankewa ba, da buɗe rumfa iska ta ratsa. Fotashiyam ɗin ma idan aka wuce kima yana danne kalsiyam da magnesiyam.

Akwai kuma boron, wanda kaɗan ƙwarai ake buƙata. Ƙarancinsa na sa kara ya yi gautsi ya tsage, amma tazarar da ke tsakanin isasshe da mai guba ƙanƙanuwa ce, don haka ba a zuba shi sai gwaji ya nuna babu.

Gishiri, babban abokin gaba

Kusan duk takin zamani gishiri ne a ilimin sinadarai. Idan ya narke ya yi yawa a ruwan da ke kewaye da saiwa, maimakon saiwar ta zuƙi ruwa, sai ta kasa, a wasu lokutan ma ruwan jikinta ya riƙa fita. Sai ka ga shuka ta yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take.

Shuke-shuke sun bambanta wajen jure wannan. Dabino da sha'ir suna da juriya sosai. Ranankulus yana can ƙarshen layi. Wani bincike da aka wallafa a 2009 a mujallar HortScience, wanda masana daga ɗakin binciken gishiri na ma'aikatar noma ta Amurka da ke Riverside a Kalifoniya suka gudanar, ya gwada shukar cikin yashi da ruwa mai gishiri iri-iri, ya kuma nuna cewa tana da matuƙar rauni ga gishiri da kuma ruwan da ya karkata ɓangaren kanwa.

Wannan ya shafi manoman Kudancin Kalifoniya kai tsaye, domin wani kaso mai yawa na ruwan yankin daga Kogin Colorado ake jawo shi, kuma yana isowa da gishirinsa. Duk gishirin da ruwa ya zo da shi yana rage wurin da ya saura wa taki.

Shi ya sa tsarin da ya fi karɓuwa shi ne a narkar da taki kaɗan cikin ruwa a riƙa bayarwa ta bututun ɗigo-ɗigo, maimakon a zuba da yawa lokaci guda. Manoman na amfani da wata 'yar na'ura mai kama da alƙalami da ke auna yadda ruwa ke ɗaukar lantarki, domin gwargwadon gishirin da ke ciki, gwargwadon hawan lambar. Idan ta hau, sai a dakatar da taki a yi ban-ruwa da zallan ruwa ya wanke gishirin zuwa ƙasa. Idan kuma ruwan na da kanwa-kanwa, akan ɗiga masa sinadari mai tsami a sauko da shi.

Yaya yawan takin yake?

Masu noman fure a rumfa kan yi lissafi da miligiram na naitirojin a kowace lita ta ruwa, kuma ga shuka irin wannan haɗin da ke kusa da miligiram 100 a lita abu ne da aka saba gani. Kalsiyam naitiret na da naitirojin kashi 15.5 cikin 100. Don a samu miligiram 100 a lita, ana buƙatar kimanin giram 0.65 na takin. A jarka mai lita 25, giram 16 ke nan, wato kusan cokalin cin abinci ɗaya. A duro mai lita 200 kuma giram 130 ne.

Wanda ya saba dumbuzar taki da hannu zai ga wannan kamar wasa, amma da irin wannan awon ake fitar da furen da ke shiga manyan kasuwannin Turai.

Akwai wata ƙa'ida kuma wajen haɗawa. Ba a zuba kalsiyam naitiret a duro ɗaya da taki mai fosfet ko salfet idan haɗin mai kauri ne, domin za su haɗu su zama farin gari ya kwanta a ƙasan duro, ya toshe bututu, shuka kuma ta rasa duka biyun. Saboda haka ake ajiye duro biyu, sai a cikin ruwan ban-ruwa suke haɗuwa bayan an tsarma su. Masu ƙananan lambuna da ba sa son takin zamani kan yi amfani da ruwan takin da ake sarrafawa daga kifi ko ciyawar teku, duk mako biyu.

Bayan an gama yanka

Ana yanke ranankulus ne lokacin da kan furen ya nuna launi ya yi laushi amma bai gama buɗewa ba. Wanda aka ciyar daidai kan kai kwana 10 ko fiye a cikin ruwa.

Idan zafin rana ya fara haura digiri 25 a kai a kai, shukar kan daina fitar da fure. Wanda ke son ya ajiye iri ba ya yanke ganyen, domin a wannan lokacin ne abincin da ke cikinsu ke sauka zuwa sababbin yatsun saiwa. Da ganye ya fara rawaya sai a tsayar da taki, a janye ruwa. Naitirojin a wannan gaɓar na sa saiwa ta yi ruwa-ruwa ta ƙi ajiyuwa. Bayan ganyen sun bushe sai a tono saiwar, a shanya a inuwa, a adana a busasshen wuri.

Tsada da doka

Ko ba don lafiyar kara ba, akwai abubuwa biyu da suka tilasta wa manoman Turai auna taki. Na farko tsada. Da iskar gas ake sarrafa takin naitirojin, kuma bayan Rasha ta mamaye Yukren a watan Fabrairun 2022 farashin gas ya yi tashin gwauron zabi a Turai, har kamfanin Yara na ƙasar Norway ya rage yawan amoniyar da yake sarrafawa a nahiyar a watan Agustan shekarar. Rasha da Belarus kuma suna cikin manyan masu fitar da takin fotashiyam a duniya, wato sinadarin da manomin fure ya fi buƙata lokacin girbi.

Na biyu doka. Naitiret ɗin da shuka ba ta zuƙa ba ruwa ke wanke shi zuwa rijiyoyi da ƙoramu. Tun 1991 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta taƙaita naitirojin daga kashin dabbobi zuwa kilo 170 a kowace hekta a shekara, a yankunan da aka ayyana ruwansu na cikin haɗari.

Abin da ya shafi manomin Arewa

Ranankulus ba furen Kano ko Sakkwato ba ne. Ya fi jin daɗi idan rana ba ta wuce digiri 15 zuwa 18 ba, dare kuma ya fi haka sanyi. Ko a Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, inda ake noman dankalin Turawa, ranakun hunturu kan fi haka zafi, duk da cewa dare na yin sanyi. Wanda zai gwada a Filato ko tsaunin Mambila sai ya daidaita shukarsa da tsakiyar hunturu, ya yi rumfar raga mai rage rana.

Zai kuma fuskanci batun taki. Yuriya ce ta fi samuwa a ƙasar nan, musamman tun da aka ƙaddamar da masana'antar Dangote da ke Lekki a watan Maris na 2022, mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, amma ita ce ta fi saurin lalata wannan furen idan aka zuba ta kamar yadda ake yi wa masara. Toka na da fotashiyam da kalsiyam, sai dai tana rage tsamin ƙasa, abin da furen ba ya so. Kanwa kuwa, duk da cewa a Turancin Najeriya sunan fotash ake kiran ta da shi, mafi yawanta sinadarin sodiyam ne, kuma zuba ta a gona illa ce ga ƙasa da shuka. Sannan ɗanyen ganyen ranankulus na da guba, yana ƙona bakin dabba da cikinta, don haka ba a jefa wa awaki ko tumaki.

Ga masu noman rani da ba su da niyyar taɓa fure, alamomin da manoman Sanremo da Carlsbad ke sa wa ido suna nan a fadamunmu: farin gishirin da ke fitowa a saman fangali, tumatir mai baƙin gindi, shinkafar da ta kwanta, attaruhun da ya yi ganye ya ƙi 'ya'ya. Kafin a sayi ƙarin buhu a irin wannan hali, kai samfurin ƙasa da na ruwa ɗakin gwaji, kamar na cibiyoyin binciken noma da jami'o'i, na iya nuna ko taki ne ya yi kaɗan, ko kuwa wanda aka riga aka zuba ne shukar ta kasa zuƙa.